Fuskar Gadon Inna a Cikin Rumfa

Kwana goma sha ɗaya Kafinta ya yi yana buga rumfar nan a lambun bayan gida, kwana goma sha ɗaya kuma Auta ta yi tana shan magana a kanta.

Auta ake ce mata har yau, duk da ta ba talatin baya. Da safe tana kantin magani a tsaye, da rana ta dawo ta kama jinyar Baba, wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye shekara uku ke nan, bakinsa ya karkace, yanar ido kuma ta rufe masa gani. Ita ce wanka, ita ce juyi, ita ce cokali. Sauran 'ya'yan suna zuwa, ba a ce ba sa zuwa ba. Su zo da leda a hannu, su ce sannu, su duba agogo.

Likita ne ya ce a riƙa fitar da tsohon yana shan iska. To itacen da yake zama a ƙarƙashinsa iska ta kayar tun bara. Sai Kafinta ya ce zai yi masa inuwa.

Shi Kafinta sau biyu yana neman auren Auta, sau biyu Yaya Babba yana mayar da shi. Yaya ya ce ba zai ba da ƙanwarsa ga mutumin da ke yawo a filin 'yan gwangwani yana tsince-tsince ba. Abokinsa yake so ya ba, Mai Bulo, wanda ya kawo wa Baba gadon asibiti da keken zama. Tun da bakin Baba ya mutu kuma Yaya ne ya zama bakin. Tsoho ya yi gurnani, sai Yaya ya juyo ya ce, "Baba ya ce kaza." Wa zai ce ba haka ya ce ba?

Rumfar kuwa babu abu ɗaya sabo a jikinta sai ƙusa. Turakunta tsoffin bututun ruwa ne da mai gyaran famfo ya bayar, wanda Baba ya taɓa kwana uku a asibiti yana taya shi jinyar matarsa. Daɓen kuwa katakan da ake ɗora kaya ne a sito, Kafinta ya ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, ya cire tsoffin ƙusoshi, ya goge da sanfefa har yatsunsa suka yi sulɓi. Kwanon rufin daga gidan mai wanki ya fito, duk huda, ya bi kowace ya toshe da kwalta. Mai faci ya mirgino tayoyi huɗu aka shuka na'ana'a a ciki. Duk mutanen nan akwai abin da Baba ya taɓa yi musu, ba su manta ba. Wasu ne suka manta, waɗanda suka fi cin moriyarsa.

Daga baya, inda mutum zai jingina, Kafinta ya kafa wani ƙarfe mai sanduna, ya shafe shi da koren fenti har shafi uku.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta fito ta riƙe ƙugu tana kallo.

"Oh ni 'yasu! Wannan ce rumfar? Auta, in kaji za ku kiwata ai sai ku faɗa."

"Gwaggo, inuwa ce dai."

"Inuwar bola. Yayana da ya yi zamani da mutunci, a ce ƙarshensa a ajiye shi cikin tarkacen unguwa? Ke kuma kina tsaye kina washe baki. Mutum ya zo neman aure da tsohon kwano!"

Auta ba ta washe baki ba. Rabonta da dariya har ta manta. Ta sunkuya ta ci gaba da tsince guntayen katako tana zubawa a bokiti.

Yaya ya leƙo daga ƙofar kicin, makullin mota na kaɗawa a yatsansa.

"Anjima Mai Bulo zai zo gaida Baba. Ki sa kaya masu kyau. Gobe kuma yaransa za su zo su kwashe wannan shirgin, a zuba bulo, a yi abu na mutane."

"Yaya, jiya fa aka gama."

"Shi ya sa ban ce yau ba. Na bar shi ya kwana ɗaya, kada a ce ban da kara."

Kafinta na can gefe yana haɗa kayan aikinsa a buhu. Ya ji, bai ɗago ba. Ya ɗaure bakin buhun, ya kwance, ya sake ɗaurewa.

*

Da rana ta yi sanyi Auta ta goge wa Baba fuska, ta sa masa hula, ta turo kekensa. In dai kwana ɗaya rumfar za ta yi a duniya, to sai ya zauna a cikinta.

Kafinta ya yi gangara da katako a bakin rumfar, keken ya hau ba gargada. Ta juya shi ta yadda hannunsa mai lafiya, na hagu, zai kasance kusa da koren ƙarfen. Iska ta taso da ƙamshin ganyen lemun tsamin da marigayiya Inna ta shuka. Baba ya buɗe hanci ya ja.

Ana haka Mai Bulo ya iso, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Gaskiya ba mugun mutum ba ne. Komai nasa dai da awo ne. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya miƙe yana kallon rufin, yana ƙwanƙwasa turke da zobensa.

"Kai, an yi ƙoƙari. Wallahi an yi ƙoƙari. Amma damina ɗaya za ta ci wannan. Auta, ranki ya daɗe, ni sati guda zan yi miki wadda jikokinki za su gada."

"Ka ji magana," in ji Gwaggo.

Baba ya yi wani ɗan gurnani.

"Baba ya ce ya gode," in ji Yaya.

Auta ce kaɗai ta lura ba su yake yi wa ba. Hannunsa na hagu ya sauka a kan ƙarfen. Yatsun suka bi sanda ta farko, ta biyu, ta uku. A ta huɗu suka tsaya, inda ƙarfen ya ɗan lotsa. Suka koma baya, suka sake dawowa wurin. Sai hannun ya fara hawa sama, yana lalube, har ya kama ƙwallon da ke kan ƙarshen ƙarfen.

Ya fara murɗawa.

"Baba, fenti ne, zai ɓata maka hannu," in ji Yaya.

Tsoho bai saki ba. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Yana murɗawa, ƙwallo ya ƙi, fenti ya like shi. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda Auta ba ta taɓa ji ba a shekara ukun nan.

Ta ja baya taku biyu ta kalli ƙarfen gaba ɗaya, ba sanda ɗaya ɗaya ba. Lanƙwasar da ke sama. Ƙwallaye biyu, ɗaya kowane gefe.

Ta ruga kicin ta ɗauko wuƙa. Ta kankare fentin da ke wuyan ƙwallon, jan tagulla ya bayyana. Ta ɗora hannunta a kan na Baba suka murɗa tare. Ya yi ƙara, ya juya, ya fita.

Cikinsa rami ne. Baba ya zura yatsa biyu ya zaro wani ɗan ƙyalle a naɗe, guntun zane mai ruwan ƙasa. Auta ta san zanen. Ta warware. Allura ce, da baƙin zare a naɗe a jikinta.

Nan Inna take ɓoye allurarta tun suna yara, don kada su taka.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Wannan ai fuskar gadon matar yayana ce! Kai, Babba, ba kai ka ce gadon yana ɗakin ajiyarka a kulle ba?"

Shi ne fa. Ranar da aka kawo gadon asibiti, Yaya ya sa aka fitar da gadon ƙarfen da Baba da Inna suka yi shekara arba'in a kai. Wata shida Baba yana nuna kusurwar ɗakin yana gurnani, Yaya yana cewa, "Yana nan, Baba, na adana shi."

Duk ido ya koma kan Kafinta, wanda ke tsaye can gefe kusa da buhunsa.

"A ina ka samo?" in ji Gwaggo.

Ya kau da kai.

"Da kai nake, ɗan nan."

"A filin 'yan gwangwani, Gwaggo." Muryarsa can ƙasa. "An riga an yanka sauran. Wannan kaɗai na tarar."

Mai Bulo ya duba wayarsa da ba ta yi ƙara ba, ya ce ana nemansa a wurin aiki. Ya yi sallama a gaggauce, ƙamshinsa ya bi shi.

Fuskar Yaya ta yi baƙi ƙirin.

"Wato shiri ka yi. Ka kwana goma sha ɗaya a gidan ubana kana haƙa mini rami. Ka jira sai na yi baƙo!"

"Yaya, wallahi..."

"Ni ba yayanka ba ne. Ɗauki buhunka. In na sake ganin ƙafarka a gidan nan, ni da kai ne."

Kafinta ya saɓa buhunsa ya fita ta ƙofar baya. Ko rigar aikinsa da ke rataye a ƙusar turke bai tsaya ɗauka ba.

*

Auta ta same shi a bayan katanga, zaune a kan kekensa mai ƙafa uku da yake ɗaukar katako. Bai tafi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan marfin, don ta riƙa jiyo motsin Baba.

"Ka san gadon ne?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da na hango shi a cikin tarin. Ni na gyara masa ƙafa shekara biyar da suka wuce, kin manta? Ke kika riƙe mini fitila a ƙarƙashin gadon. Inna tana cewa ki daina haska fuskata, ki haska noti."

Hawayen da take riƙewa suka zubo.

"To me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"In na faɗa miki, kin ɗauki kaya. Ki riƙa kallon yayanki da abin a ciki. Na ce kayan da ke kanki sun isa."

"Sai ka kawo shi tsakiyar gida ka kafa."

"Na shafe shi, Auta. Shafi uku. Har ƙwallayen na rufe, don tagullar ce za ta tona. Na tsaya daga nesa na duba, na matso na duba. Gwaggo ta wuce shi ya fi sau ashirin. Ke kanki jiya kin jingina da shi kina shan ruwa. Ni dai so nake tsohon nan ya jingina da abin matarsa, ko bai sani ba."

"Ko bai sani ba!" Ta yi wata dariya mai kama da kuka. "Kai da kake aiki da hannu, kai ne za ka manta? Baba da ido yake gani? Shekara uku ko ni da hannu yake gane ni. Ka yi wa masu ido fenti, ka bar makaho da abinsa tsirara."

Kafinta ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Ban kawo wannan ba," ya ce. "Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini ba."

"Ka san abin da ka ja mini? Da, ƙin ka kawai yake yi. Yanzu kunyarka yake ji, wannan kuwa ba ta warkewa. Duk ranar da ya ga fuskarka sai ya tuna. Ni ce a tsakani. Ni ce kullum a tsakani. Tsakanin Baba da gado, tsakanin Yaya da Gwaggo, tsakanin kanti da gida. Na gaji. Ka ji ni? Ba fushi nake ba, ƙarfin fushin ma babu. Na gaji ne."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Jiya da nake ba Baba abinci barci ya ɗauke ni da cokali a hannu. Na farka na tarar yana jira, bakinsa a buɗe. Har na ce a raina, in na ce wa Yaya to, ko ba komai za a daina magana. Zan samu shiru. Ka ji inda na kai? Ba son mutumin nake ba, shiru nake so."

Ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"In shirun kike so, ki karɓa. Ba zan riƙe ki da laifi ba. Ni abin da nake da shi kin gani, duk abin da wasu suka yar ne."

"Kada ka yi mini wannan maganar."

"Gaskiya ce."

"Na ce kada ka yi! Ni ma ai ajiye ni aka yi a kusurwa, kowa ya wuce. Kai kaɗai ka tsaya ka duba ko da sauran amfani."

Ta rufe fuska da mayafi. Shi kuma ya rasa inda zai sa hannunsa, sai ya kama kan kekensa ya riƙe.

Daga cikin gida muryar Gwaggo ta taso.

"Auta! Ke Auta! Zo, ya ƙi!"

*

Hadari ya haɗo, iska ta fara kaɗa ganyen lemo. Yaya yana bayan keken Baba yana ja, Baba ya saƙala hannunsa na hagu cikin sandunan ƙarfen har gwiwar hannu. Keke ya ɗaga, tsoho bai saki ba.

"Za ka karya shi!" in ji Gwaggo.

"Ruwa zai sauko! Baba ya ce a mayar da shi ɗaki."

"Bai ce ba," in ji Auta.

Ba ta ɗaga murya ba, amma sai da Yaya ya saki keken. Shekara uku ba wanda ya taɓa faɗa masa haka.

Ruwa ya fara sauka a kan tsohon kwanon, ɗis, ɗis, sannan ya ɓarke. Dukkansu suka ɗaga kai suna jiran inda zai zubo. Gwaggo har ta ja mayafi ta rufe kai. Suka jira. Ko ɗigo.

Kafinta ya biyo ta har ƙofar baya, ya tsaya daga waje, ruwa na dukansa. An ce kada ƙafarsa ta shigo, bai shigo da ita ba.

Baba ya zare hannunsa daga ƙarfen a hankali. Ya lalubi cinyarsa, ya ɗauki ƙyallen da allurar da Auta ta ajiye masa. Sai ya miƙa hannu gefe, ya taɓa turke, ya bi shi sama har ya kama rigar da ke rataye a ƙusa. Tun shigowarsa take shafar kafaɗarsa in iska ta kaɗa. Ya jawo ta, ya kai hanci. Warin fenti da garin katako. Ya shimfiɗa ta a cinya, yatsunsa suka yi ta bi har suka faɗa cikin yagewar da ke kafaɗa.

Ya lalubo hannun Auta. Ya sa mata allurar. Ya ɗora mata rigar a kai, ya danne da tafinsa.

Shekara arba'in allurar nan rigar mutum ɗaya take ɗinkewa, duk wanda ke wurin ya sani.

Gwaggo ta zauna daɓas a kan taya, a kan na'ana'ar mutane.

"To," ta ce. "Babba, wannan kuma sai ka fassara mana."

Yaya ya kalli ubansa. Leɓensa ya motsa kamar zai ce wani abu, wataƙila haƙuri, wataƙila ba shi ba. Abin bai fito ba. Ya juya kan Auta.

"Shi ke nan. Kin zaɓa. Jibi ranar asibiti ce, sai ki san wanda zai kai shi. Motata ta gama."

Ya fita cikin ruwan bai ko rufe kai ba. Suka ji ƙarar ƙofar mota, suka ji tashinta, suka ji ta yi nisa.

Auta ta tsaya da riga a hannu. Jibi. Asibitin yana can ƙarshen gari, ga tsoho ba ya iya zama a kan babur. Ta ji gajiyar ta sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa. Ta zame ta zauna a kan daɓen katako, ta jingina bayanta da fuskar gadon Inna.

"Kai kuma na waje," in ji Gwaggo da ƙarfi, "sai ka narke? Shigo mana. Keken nan naka na katako, yana ɗaukar mutum da kujerarsa?"

"Yana ɗauka, Gwaggo. Sai dai in yi masa rufi."

"Da tsohon kwano, ko?"

"Akwai saura guda biyu."

"Allah ya shirye ka."

Ya shigo yana ɗigar ruwa, ya rakuɓe a bakin rumfar. Auta ba ta kalle shi ba. Ta warware baƙin zaren Inna, ta ja, ya tsinke a hannunta, ya riga ya ruɓe. Ta sake ja, ya sake tsinkewa. Sai ta kama bakin mayafinta ta zaro zare ɗaya dogo, ta lasa, ta ɗaga allurar saitin haske.

Ta kuskure. Ta sake, ta kuskure.

Baba ya lalubo wuyan hannunta ya riƙe mata shi.

A na uku zaren ya shiga.